Tseren Keke Na Zagaye: Bashin Da Ƙannenmu Ke Bin Mu

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. Sakatare ya rubuto mini cewa in yi magana a kan wasanni, ya kuma ja mini kunne kada in wuce minti 20, domin abinci na jira. To, ƙwallon ƙafa dai akwai waɗanda suka fi ni saninta a ɗakin nan, langa da kokawa kuwa gwiwoyina sun daɗe da yin sallama da su. Saboda haka zan tsaya a kan wasa guda wanda na taɓa shiga da kaina, wato tseren keke, musamman irin wanda ake zagaya 'yar gajeriyar hanya a cikin gari. Zan faɗi yadda yake, da yadda muka yi shi a nan, sa'annan in kawo roƙona gare ku, domin a ganina shi ne wasan da ya fi dacewa da halin da Batsari da Safana suke ciki.

Tseren keke iri-iri ne. Akwai na dogon zango, wanda ake tashi daga wani gari a sauka a wani, kamar gasar zagaya ƙasar Faransa da aka fara a 1903, wadda ake kwashe mako uku ana yi, ko ta 'yan'uwanmu na Burkina Faso da aka fara a 1987. Akwai na keɓaɓɓen fili mai gangare, irin wanda aka gina a babban filin wasa na Abuja domin wasannin Afirka na 2003. Na uku shi ne wanda Turawa ke kira kiriteriyam, ni kuwa zan kira shi tseren zagaye. Ana samun hanya a cikin gari wadda ta kewayo ta dawo inda ta tashi, tsawonta kilomita ɗaya ko biyu, a hana motoci da babura bin ta na ɗan lokaci, mahaya su tashi gaba ɗaya su yi ta zagayawa har adadin da aka yanka ya cika. Galibi ba ya wuce awa guda. Idan saura zagaye ɗaya sai a buga ƙararrawa. Wanda na gaba suka kewayo suka tarar da shi, alƙali yakan fitar da shi don kada ya tare hanya. Wanda tayarsa ta fara taka layi a zagayen ƙarshe shi ya ci. Dokokin ke nan, ba su fi haka ba.

Muna aji huɗu aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga Jihar Kaduna, ranar 23 ga Satumba, 1987. A hunturun da ya biyo baya ne malaminmu na wasanni ya shirya mana irin wannan tsere, ya kuma gayyato ɗalibai daga Safana. Waɗanda suke nan a ranar za su tuna yadda baƙin suka iso a bayan akori-kura, sun yi buɗu-buɗu da ƙura, kekunansu a ɗaure da igiya.

Babu ko ɗaya daga cikinmu da ya taɓa ganin keken tsere ido da ido. Abin da muke da shi shi ne Raleigh na iyayenmu, wanda a wancan zamani ake harhaɗawa a Kano, da Phoenix ɗan ƙasar Sin, sai kuma na haya da ake biya awa-awa. Keke ne da aka ƙera don ɗaukar buhun rogo ko dankali zuwa kasuwa, nauyinsa wajen kilo 20. Don ku gane tazarar, Hukumar Tseren Keke ta Duniya ta kafa doka a shekarar 2000 cewa kada keken gasa ya gaza kilo 6.8, saboda masu ƙerawa suna neman wuce gona da iri wajen rage nauyi. Wato keken mahaifina ya yi uku na ƙwararru. Da ƙyar Baba ya ba ni aronsa, bisa sharaɗin duk abin da na kwance zan mayar kafin magariba. Na cire kariya, da fitila, da murfin sarƙa, da murfin tayoyi, na bar birki da ƙararrawa.

Mai gyaran keken da ke bakin kasuwa shi ya koya mini lissafin da ban taɓa gani a allo ba. Ya ce in ƙidaya haƙoran babban farantin sarƙa na gaba, na samu 44. Ƙaramin na baya kuwa 20. Ya ce to, duk taka feda ɗaya, tayar baya za ta juya sau biyu da 'yan kai, keke ya ci ƙasa wajen mita 5. In aka sa mai haƙora 16 zai ci wajen mita 6, amma fedar za ta yi nauyi. Samari da yawa sun ruga sun sa mai 16. Ni ya ce mini, “Yaro, hanyarku kwana huɗu gare ta, za ku zagaya sau 20. Sau 80 ke nan za ka rage gudu ka sake ɗauka. Sa mai 18, ka gode mini daga baya.” Na bi maganarsa, na kuwa gode masa.

Hanyar tamu ba ta fi kilomita ɗaya ba. Gefe ɗaya kwalta, sauran ukun burji, kwana ta uku kuma akwai rairayi. Mu kusan 30 muka jeru da hantsi, iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas, tana bugun fuskar mahayi a gefen da ya fi tsawo. Mutanen gari sun cika bakin hanya, yara har kan katanga. Aka hura usur, muka tashi.

A zagaye na uku wani ƙaƙƙarfan yaro daga ɓangaren Safana, wanda aka ce mana mutumin Runka ne, ya miƙe tsaye a kan feda ya fice shi kaɗai. Kafin mu ankara ya ba mu rata mai yawa, jama'a sai sowa suke yi. Jikina ya ɗauki rawa, ina son in bi shi. Abokin zamana a benci, ɗan wajen Ruma, yana gefena, ya ce mini, “Ƙyale shi, iska za ta kawo mana shi. Shiga layi.”

A nan zan ɗan tsaya, da izinin malaminmu na kimiyya da nake hange a layin gaba, in bayyana abin da abokina yake nufi. A hanya shimfiɗaɗɗiya, idan mahayi ya kai gudun kilomita 30 a awa, mafi yawan ƙarfinsa yana tafiya ne wajen keta iska. Kuma iska ba ta da sassauci ga mai gaggawa: in kana son ka ninka gudunka sau biyu, ƙarfin da za ka kashe wajen keta ta sai ya ninka sau takwas. Amma wanda ya laɓe daf da bayan wani, tayarsa ta gaba tana kusa da tayar bayan na gabansa, yakan sami sauƙin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Shi ya sa za ku ga ƙwararru a talabijin suna tafiya a dunƙule kamar garken tumaki, ko a jere kamar zare, suna karɓa-karɓa. Na gaba ya sha iska na ɗan lokaci, ya kauce ya koma baya ya huta, na biye da shi ya karɓa. Mutum shida masu matsakaicin ƙarfi, in suka yi haka, za su kamo gwarzo ɗaya da ke tafiya shi kaɗai.

Haka muka yi, mu shida. Huɗu daga nan, biyu daga Safana. Mu huɗun muna karɓa-karɓa, su biyun suna biye da mu a baya, ba sa karɓa, kuma ba wanda ya ga laifinsu, tunda ɗan'uwansu muke kora. A baya kuwa tsere ya watse. Wasu sarƙa ta zube musu, wasu masu faranti mai haƙora 16 ƙafafunsu sun ƙage, mutum uku kuma rairayin kwana ta uku ya kayar da su a tare, Allah ya sa ƙujewa ce kawai. A zagaye na 14 muka cim ma mutumin Runka, bakinsa ya bushe, kafaɗunsa na rangaji. Ya dube mu ya yi murmushi. A lokacin ban gane dalilin murmushin ba.

Saura zagaye biyu abokina ya matso ya ce, “Kai ka fi ni saurin ƙafa. Manne a bayana, kada ka leƙo sai mun fita kwanar ƙarshe.” Ya shiga gaba ya sunkuyar da kai, ya ja mu zagaye biyu cur shi kaɗai a cikin iskar nan. Aka buga tsohon ƙarfen ƙafar motar da muke amfani da shi a matsayin ƙararrawar makaranta, alamar saura ɗaya. Da muka fito kwanar ƙarshe ya kauce, na miƙe na taka da duk abin da ya rage mini. Ina ganin layi, ina jin 'yan ajinmu suna kiran sunana, sai ga wani ɗan siririn yaro daga Safana, wanda tun da aka tashi ba wanda ya ji ɗuriyarsa, ya fito ta hannun damana ya riga ni taka layi da rabin taya.

Ashe shiri ne suka yi tun daga gida. Ƙaƙƙarfan ya fita ne don ya sa mu wahalar kora, siririn kuwa ya zauna a inuwarmu yana adana ƙarfinsa. Aka ba na ɗaya fitilar ƙwai, ni aka ba ni bokitin ƙarfe da sandar sabulu. Mutumin Runka da abokina, waɗanda su ne suka yi aikin, ba su zo ko na uku ba. Amma malaminmu na wasanni ya kira su gaban jama'a, ya ɗaga hannuwansu sama, ya ce waɗannan biyun su ne suka fahimci wasan. Abokin nan nawa ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa da rahama. Bokitin kuwa tare muka yi ta wanka da shi har muka gama makaranta.

Abu uku tseren zagaye yake koya wa yaro, kuma duk ukun da jikinsa zai koye su. Na farko shi ne wanda na faɗa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda aka ɗaga hannunsa akwai wanda ya sha iska dominsa. Na biyu shi ne kwana. Ana taka birki kafin a shiga, ba a tsakiyarta ba. Fedar da ke ɓangaren da za a karkata a ɗaga ta sama don kada ta daki ƙasa, nauyin jiki a ɗora shi a ɗaya ƙafar, ido kuma ya dubi mafita. Mafi muhimmanci, kowa ya riƙe layinsa, domin wanda ya yanke wa na bayansa hanya ba shi kaɗai zai faɗi ba. Yaron da ya koyi wannan a kan keke yana ɗan shekara 15, in ya hau babur yana ɗan 20 zai san hakkin wanda ke bayansa. Na uku shi ne sanin wurin zama. Na can baya shi ya fi kowa wahala, domin a kowace kwana layi yakan takure, ya taka birki fiye da kowa, sa'annan ya yi gudu fiye da kowa kafin ya kamo. Na gaba ɗungurungum kuma iska ce abincinsa. Mai hankali yakan zauna a cikin biyar ko shida na farko, ya yi haƙuri har lokacinsa ya zo.

Yanzu bari in zo kan dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana. Dukanmu mun san abin da ya sami ƙasarmu. Dajin Rugu, wanda muka sani da kiwo da itace da zuma, ya zama mafakar 'yan bindiga. Ƙauyuka da dama a Batsari da Safana sun tashi, gonaki sun kwana ba noma, kusan babu gidan da bai yi zaman makoki ko haɗa kuɗin fansa ba. A watan Disamba na 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, aka rufe makarantun kwana. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da namu biyun. A 2025 an yi zaman sulhu a yankunan nan, muna roƙon Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa. Amma ku duba: yaron da ke aji uku a yau, tun da ya yi wayo bai san lokacin da ake hawa keke a tafi ƙauyen kakanni a dawo da almuru ba tare da fargaba ba. Mu mun yi ƙuruciya a sake, su kuwa a takure suka tashi.

Ba mai hankalin da zai ce a saki yara 30 su yi tseren dogon zango daga Batsari zuwa Safana. Amma tseren zagaye bai buƙatar haka. Kilomita ɗaya yake so a tsakiyar gari, da rana tsaka, a gaban idon iyaye da malamai da jami'an tsaro, cikin awa guda an gama. Ba sai an gina fili ba, ba sai an sayi kayan miliyoyi ba. Kuma keke ya dawo hannun jama'a. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da yawa, har da ma'aikata, suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu, masu faci da gyara suka sake samun kasuwa. Kayan wasan suna nan a zaurukanmu.

Na san akwai wanda zai ce a ransa, ana kukan targaɗe wa yake ta tseren keke? Tambaya ce mai kyau. Amsata ita ce, yaro mai jini a jika dole ya sami inda zai kai ƙarfinsa, da wurin da za a tafa masa. In ba mu ba shi ba, akwai masu jiran su ba shi, da ƙwaya ko da abin da ya fi ƙwaya muni. Kuma garin da ya iya rufe titi don murna, yara suna sowa a kan katanga, ya nuna wa kansa cewa har yanzu yana raye.

Kada kuma mu raina inda abin zai iya kaiwa. Ƙasar Eritiriya ƙarama ce, ba ta da arzikin Nijeriya, ta kuma sha yaƙi. Amma a Asmara, babban birninta, an daɗe ana rufe tituna a ƙarshen mako a yi tseren zagaye. A can Biniam Girmay ya taso. A 2024 ya ci zango uku a gasar zagaya Faransa, ya kuma tafi gida da koriyar riga ta wanda ya fi kowa maki, abin da wani ɗan Afirka bai taɓa yi ba. A shekarar nan dai, Ese Ukpeseraye, 'yar Jihar Delta, ta zama ta farko da ta wakilci Nijeriya a tseren keke a wasannin Olamfik, a birnin Faris, har sai da tawagar Jamus ta ba ta aron keke ta shiga wani ɓangare na gasar. Da na ji labarin aron nan na ce ashe ba ni kaɗai ba ne. Ƙafafun da suke taka keke da buhu biyu daga gona zuwa kasuwar Batsari ba su gaza na kowa ba. Hanya ce ba a buɗe musu ba.

Saboda haka, Shugaba, ga roƙona, kuma ina so sakatare ya rubuta.

Na ɗaya, ƙungiyar nan ta kafa ɗan ƙaramin kwamiti, mutum biyar sun isa, da malamin wasanni na yanzu a ciki, su shirya tseren zagaye sau ɗaya a shekara, a lokacin hunturu, da safe kafin rana ta take.

Na biyu, kafin a yi komai a je a gai da iyayen ƙasa, Sarkin Ruman Katsina Hakimin Batsari da Yariman Katsina Hakimin Safana, a nemi albarkarsu. A nemi izinin ƙaramar hukuma, da shawarar 'yan sanda da Hukumar Kiyaye Haɗurra. In jami'an tsaro sun ce hanya ta yi kyau, a riƙa karɓa-karɓa, bana a nan, baɗi a Safana. In sun ce a dakata, kowane gari ya yi nasa a gida. Maganarsu ita ce ta ƙarshe.

Na uku, a yi shi da keken gida, irin wanda kowa ke da shi, don kada ɗan mai kuɗi ya sayi nasara a kanti. A raba yara gida biyu bisa shekaru, ƙanana zagaye 10, manya 20. Idan iyaye da malamai sun ga ya dace, 'yan mata su yi nasu a cikin harabar makaranta.

Na huɗu, lafiya. A share rairayi da tsakuwa daga kowace kwana, a tsayar da babba guda a wurin. Mai gyara ya duba birkin kowane keke kafin a tashi. A zo da ma'aikacin lafiya da akwatin magani da ruwan sha. Mu a zamaninmu da kai tsirara muka yi, amma bai kamata ƙannenmu su yi haka ba. Ƙungiya ta sayi hulunan kwano 30 a ajiye a ofishin Shugaban Makaranta. Ni na ɗauki nauyin 10 daga ciki.

Na biyar, kyauta. Na ɗaya a ba shi sabon keke, wanda zai riƙa zuwa makaranta da shi. Sa'annan a ware kyauta ta musamman, wadda darajarta ba ta gaza ta na ɗaya ba, ga yaron da alƙalai suka ga ya fi kowa shan iska domin 'yan'uwansa.

'Yan'uwa, a cikinmu akwai likitoci, da 'yan kasuwa, da manyan ma'aikata a Katsina da Kaduna da Abuja. Kowannenmu in ya waiwaya zai ga wanda ya shiga gabansa ya tare masa iska: uban da ya sayar da akuya ya biya kuɗin jarrabawa, ko ɗaya daga cikin dattawan nan da ke zaune a layin gaba, waɗanda suka ƙare ƙarfinsu a kanmu suka kauce muka wuce. Yanzu layi ya zagayo kanmu. Mu ne a gaba, yaran makarantar nan suna bayanmu, kuma iskar da ke kaɗawa a zamaninsu ta fi tamu ƙarfi. Ina roƙon kada mu tashi daga taron nan sai an karanta sunayen 'yan kwamiti.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da Batsari da Safana da Jihar Katsina baki ɗaya lafiya. Na ga sakatare yana duba agogo, kuma ƙamshin abinci ya iso har nan.